Zurfin Gwangwanin Abbaji

Marin ya sauka tun kafin Ruksana ta sauke jakar makaranta daga kafaɗarta.

Tas! Har ɓaunar gida, wadda ake tatsa, da ke ɗaure a gindin darbejiya sai da ta ɗago kai. Jakar ta yi gefe, alli da rula da 'yan kwalayen da take koyarwa da su suka tarwatse a tsakar gida.

"Munafuka!" Ammi Sugra, uwar mijinta, ta faɗa tana huci. "Muna ci da ke kina haƙa mana rami? Leƙa waje ki ga abin da bokonki ya jawo mana!"

Ba sai ta leƙa ba, don ta cikinsu ta keto ta shigo. Mata sun fi ashirin a ƙofar gida, kowace da bokitin madarar yamma a hannu, amma ba wadda ta zo sayarwa. Muryoyinsu na tsallako katanga.

"Malik Ditta, fito da gwangwanin!"

"Shekara nawa kana shan jininmu da cokali?"

"A fito da shi mu gani, ai gaskiya ba ta tsoron rana!"

Ruksana ta dafe kuncinta tana jiran zafi ya zo. Bai zo ba. Ji ta yi kamar wata aka mara, ita 'yar kallo ce.

Daga aikin gida abin ya faro. Ita ke koyar da lissafi a aji biyar na makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu, Kot Mirana. Zangon nan abu biyu ne a littafi: yadda ake sarrafa kuɗi, da siffofin abubuwa masu ciki. Ranar Litinin ta ce kowace yarinya ta nemo wani abu mai siffar ganga, kofi ne ko tukunya ko gwangwanin mai, ta auna faɗin bakinsa da zurfinsa, ta lissafo abin da cikinsa ke ɗauka.

"Daga ciki ake aunawa," ta nanata musu har sau uku. "Ruwa a ciki yake zama, ba a waje ba."

Shagufta 'yar Parwin, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ke kawo madarar uwarta gidan su Ruksana kowace safiya. Malik Ditta, uban mijin Ruksana, wanda a gida ake kira Abbaji, shi kaɗai ke sayen madara a ƙauyen nan, ɗansa Shafkat ya kai birni a babur. Da safiyar Talata ya shiga ciki ɗebo garwashin da zai ɗora a hukkarsa, tukunyar shan tabarsa, ya bar gwangwanin awo a kan benci. Yarinya ta zaro rularta.

A aji ta miƙe ta karanta da ƙarfi, kamar yadda aka koya musu.

"Faɗin baki santimita goma. Zurfi goma sha huɗu. Ya kama dubu da ɗari. Malama, kin ce lita ɗaya dubu ce cif. To wannan an rubuta masa lita ɗaya a jiki, amma dubu da ɗari yake ci."

"Gwangwanin wa kika auna?"

"Na Malik Sahib."

Ba ta tsaya nan ba, don an koya mata lissafin kuɗi ma. "Uwata gwangwani biyar take kawowa kullum. Rabin lita ke nan yake tafiya a banza. Rupi sittin a rana, dubu ɗaya da ɗari takwas a wata." Ta ɗago kai, idonta na ƙyalli. "Na ci, Malama?"

Ruksana ta bi lissafin layi-layi. Babu kuskure ko ɗaya. Hannunta ya ja alamar ci da jan biro, saboda abin da ya saba ke nan. Da aka tashi, yara talatin da huɗu suka tafi gida da labari a baki.

Ga sakamakon nan a ƙofar gida.

Abbaji ya fito daga ɗakinsa a nutse, farin rawaninsa tsaf, gwangwani a hannun dama, kwalbar lemo ta lita ɗaya a hagu. Ko kallon Ruksana bai yi ba. Ya buɗe ƙofa yana murmushi.

"'Yan'uwana mata, lafiya? Wa ya mutu?"

Ya cika kwalbar da ruwan famfo a gaban idonsu, ya juye a gwangwani. Ruwa ya tsaya daidai baki, ko ɗigo bai ragu ba, bai kuma zube ba.

"Ga shi nan. Da hatimin hukuma a jikinsa. Shekara talatin ina ɗauke muku madara, rana da ruwan sama, yau maganar 'yar da ba ta iya fyace majina ba ce za ta sa ku zage ni a ƙofar gidana?"

Hayaniya ta mutu. Wata ta gyara gyale, wata ta fara tari. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ɗazu ita ta fara miƙa bokitinta.

"Ka yi haƙuri, Malik Sahib. Ka san yaran yanzu."

Da layi ya zo kan Parwin, sai ya kifa gwangwanin.

"Ke kam a'a. Ni ɓarawo ne, kada in ci haƙƙinki. Kai madararki wurin mai gaskiya."

"Malik Sahib, ina zan kai ta? Kafin a kai gari ta tsinke da zafin nan."

"Tambayi 'yarki, ai ta iya lissafi."

A daidai lokacin Ammi Sugra ta ja Ruksana zuwa ɗakin ita Ruksanar. Ta zaro wani gwangwani daga ƙarƙashin gyalenta, sak irin na waje, har da hatimin. Ta sa ta buɗe akwatin ƙarfen da Ruksana ta zo da shi daga gidansu, ta cusa shi ƙarƙashin kayan sanyi.

"Ba mai buɗe akwatin malama. Rufe. In kika buɗe baki, sai na cire miki harshe."

Da ta fita, Ruksana ta sake buɗewa. Ta sa rula a ciki. Goma sha huɗu. Ta kifa shi, sai ta ga aikin. Gwangwanin kirki gindinsa a ɗage yake, da 'yar ƙafa zagaye da shi. Wannan an cire gindin an sauko da shi ƙasa kamar kaurin yatsa, aka liƙe da dalma, aka goge. Daga waje ba wanda zai raba su. Shekara shida tana wanke gwangwanin nan da hannunta kowace safiya, bai taɓa zuwa ranta ta sa masa rula ba.

Ta mayar, ta rufe, ta rataya makullin a wuya, ta fita kwaɓa garin gurasa.

Bayan magariba Abbaji ya kira ta. Yana kishingiɗe a gadon igiya yana zuƙar hukka, Shafkat na tsugune yana wanke tulunan madara kamar ba ya ji.

"Zauna, 'yata. Ni ba mai faɗa ba ne, uwarku ce mai zafi. Ke kina ganin sata nake?"

Ta zauna a bakin benci, ya ci gaba.

"Kumfa fa? Kin lissafa kumfa? Wadda ke zuba a hanya in babur ya faɗa rami fa? Ruwan da matan nan ke ƙarawa kafin su iso, kina tsammanin ban sani ba? Su sa ruwa, in sa yatsa ɗaya, an yi kunnen doki. A birni kuma a ce mini maiƙonta ya yi kaɗan, a zaftare. Wannan ba ya cikin littafinku. Mahaifina da gwangwanin nan ya gina ɗakin da kike kwana."

"Parwin ba ta sa ruwa, Abbaji."

"Ke kika tatsar mata?" Ya busa hayaƙi. "Abu ɗaya nake so. Ki tsaya gaban yaran nan ki ce yarinya ta yi kuskure. Ki soke lissafin da jan bironki, ki sa hannu, kowa ya gani. Shi ke nan, an binne."

"Ba ta yi kuskure ba."

"To sai ki zaɓa. Ko ki soke, ko ki ajiye allin ki zauna a gida kamar kowace suruka. Ni na ba da izinin aikin nan, ni zan iya janyewa."

Da suka keɓe, ta dubi mijinta. "Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Ubana ne." Shafkat na goge hannu da tsumma, idonsa a ƙasa. "Ke ma da neman magana. Duk kofunan duniya ba su ishe ku ba sai gwangwanin Abbaji? Layi ɗaya ne fa, Ruksana. Ki ja, mu huta."

"Ka san da gindin?"

"Ni tuƙi kawai nake."

Ba ta soke ba ranar Laraba. Ta shiga aji ta koyar da yadda ake ƙirga canji. A bangon ajin akwai farar takardar da ta rubuta da hannunta tun farkon zango. Ki ƙirga kuɗinki kafin ki bar wurin. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba. In an cuce ki a awo, akwai ofishin awo a gunduma, ki kai kuka. Yara na rera su kamar waƙa kowace safiya. Ita da ta rubuta ba ta taɓa ƙirga albashinta ba. Katin bankinta na aljihun Abbaji tun watan farko, shi ke cirowa, ya ba ta ɗari biyar na sabulu. Takardu kuwa ta sa hannu a kansu ba adadi. Akwai ranar da ya kawo wasu tana tsakiyar kwaɓi, ya ce na banki ne, ta goge yatsa a gyale ta sa hannu wuri huɗu, ya naɗe ya tafi.

Ranar Alhamis ta dawo ta tarar Ammi na hura wuta da kwalayenta. Akwatin murabba'i da ta ɓata mako tana liƙawa, da mai siffar mazurari, da doguwar gangar da ta yi wa fenti shuɗi, duk suna cikin murhu.

"Sun fi kashin shanu kamawa," in ji Ammi. "Ashe bokon yana da amfani."

Ruksana ta tsaya tana kallon gangar tana lanƙwashewa. Ta lura fentin shuɗi koren harshe yake bayarwa in ya kama. Abin da kawai ya zo ranta ke nan.

Daga ranar aka daina sa mata madara a shayi. Gidan da madara ke kwana a tuluna, ita baƙin shayi take sha. Aka ce yarinyar da ke kwashe kashin ɓauna ta daina zuwa, ba kuɗin biyanta, Malama ta kwashe kafin ta tafi aiki. Tana isa makaranta a makare, ƙafarta na wari, yara na matsawa in ta wuce. Shafkat ya karɓe wayarta, ya ce ta Ammi ta lalace. Ba wanda ya ƙara ɗaga mata hannu, ba kuma wanda ya ƙara kiran sunanta. In za a yi maganarta sai a ce "waccan".

Ranar Asabar Ammi ta shigo ɗaki ta miƙa tafin hannu.

"Ciro 'yan kunnen."

"Na mahaifiyata ne, Ammi."

"Kwana huɗu Malik Sahib na awo da gwangwanin asara saboda ke. Lita goma sha biyu a rana. Wa zai biya, ni? Ke ce mai lissafi, lissafa. Ai ba sayarwa za a yi ba, ajiya ce. Mace a gidan miji me ta mallaka da har za ta ce nata?"

Ta ciro ta ba ta. Kunnen hagu ya ɗan yi jini, ta goge da bakin gyale.

Amma abin da ya karya ta ba a gidan ya same ta ba. Safiyar Litinin, a kan hanyar makaranta, wajen gadar magudanar ruwa, Parwin ta tare ta. Ta rame cikin kwana shida kamar wadda ta yi jinya. Mijinta na kwance tun da ya faɗo daga kan motar rake, ɓauna ɗaya ce ke riƙe da gidan.

"Baji, tsaya don Allah." Haka matan ƙauyen ke kiranta, wato Yaya.

"Parwin, ina sane. Ina ƙoƙari in..."

"Kada ki yi ƙoƙarin komai. Ki ce ta yi kuskure." Ta kama hannun Ruksana da hannu biyu. "Kwana shida ina kaɗa madara ina yin man da ba mai saye. Jiya rabi na zubar wa karnuka. Maganin babansu ya ƙare, dusar ɓauna ta ƙare. Ya ce ranar da kika soke, ranar zai karɓa."

"Yarinyarki gaskiya ta faɗa. Ana cin rupi sittin ɗinki kullum."

"Na sani! Kina tsammanin ban sani ba? Hannuna ya san nauyin bokitina tun kafin a haifi Shagufta. Duk matan nan sun sani. A ci sittin a bar mini ɗari shida, ko a bar mini gaskiya in dafa wa yara? Ke albashi gare ki, Baji. Mu ba mu da shi."

Ruksana ta buɗe baki za ta ce ita ma ba ta da shi, sai ta ga ba amfani.

Ta shiga aji. Yara suka miƙe suka gaishe ta, suka rera abin da ke bango. Ta jira suka gama.

"Shagufta, kawo littafinki."

Yarinyar ta kawo da saurinta. Ruksana ta buɗe shafin, ta ɗaga shi sama yadda na baya za su gani. Muryarta ta fito sumul, kamar tana kiran suna.

"Aikin ranar Talata akwai kuskure. Gwangwanin Malik Sahib lita ɗaya ne daidai. Ku faɗa a gida."

Ta ja jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ja wani ya gicciye shi, a kan alamar cin da ta yi da hannunta. Ta rubuta kwanan wata. Ta sa hannu.

Shagufta ba ta yi saurin karɓar littafin ba.

"Malama, a ina na yi kuskuren?"

"Je ki zauna."

"A faɗin ne ko a zurfin? Daga ciki na auna, wallahi. Sau biyu na auna."

"Na ce ki zauna."

"Ki nuna mini in gyara, Malama. Kin ce in aka soke wa mutum, sai an nuna masa wurin."

Wata daga baya ta yi dariya. "Shagufta mai rula! Gobe ki auno mana hancin Malik Sahib!" Aji ya ɗauka. Ruksana ta juya ga allo ta rubuta kan darasi. Ta ji allin na tafiya, ta ga haruffa na fitowa, amma ba ta san me ta rubuta ba sai da wata yarinya ta ce, "Malama, wannan mun yi shi tun wancan makon."

Da yamma Abbaji ya karɓi madarar Parwin a gaban kowa, har ya ƙara mata rupi ashirin, ya ce ta sai wa yarinya alewa, kuskure ai na ɗan Adam ne. Ammi ta zuba wa Ruksana madara a shayi, har da sukari cokali biyu.

"Kin gani? Da tun farko kin ji magana. Mu ba maƙiyanki ba ne, gyara ki muke." Ta rage murya. "Wancan ya zauna a akwatinki wata ɗaya tukuna, sai ƙura ta lafa."

'Yan kunne dai ba su dawo ba. Ruksana ta shanye shayin. Ba ta ji ɗanɗanon komai ba.

Shagufta ba ta zo makaranta ba ranar Talata, haka Laraba. An ce uwarta ta ce karatun da zai hana su cin abinci ya isa haka. Ranar Alhamis ana tsakiyar tara sai ga ta a bakin ƙofar aji, ba kayan makaranta, ba jaka.

"Malama, kuɗina na asusu na zo karɓa."

Akwai asusun aji da Ruksana ta kafa don koya musu tanadi, kowace yarinya na jefa abin da ta samu ana rubutawa. Ta buɗe, ta ƙirgo rupi ɗari da arba'in. Yarinyar ta tsaya a wurin ta sake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ƙulle a bakin gyale.

"Me za ki yi da su?"

"Kuɗin mota."

Ba ta ce Malama ba a karo na biyun. Kafin ta juya, idonta ya tsaya kan takardar bango, a layi na ƙarshe, leɓenta na motsi. Ruksana ta gani. Ba ta tambayi ina za ta ba. Ta rufe asusu, ta koma ta zauna.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa, kowace kamar 'yar'uwarta. Ta kwashe kashin ɓauna, ta je ta koyar, ta dawo ta kwaɓa gari. Yara sun daina ɗaga hannu a ajinta. In ta ba da aiki sai su rubuta amsa su jira su ga wadda take so. Wata ta taɓa tambayarta, ba da rashin kunya ba, ko lita ɗaya har yanzu dubu ce. Ta ce eh. Yarinyar ta rubuta da fensir, yadda za ta iya gogewa.

A ƙauyenmu ba wanda ya kira abin da aka yi wa Ruksana zalunci. Ba a kore ta ba, ba a karya mata ƙashi ba, tana ci tana sha. Mata a bakin famfo cewa suke ta yi dace da surukai, wasu da tuni sun hana aikin. Gidan da ya sauke gindin gwangwani da kaurin yatsa ya daɗe da sanin yadda ake ɗiba: kaɗan-kaɗan, kullum, daga ciki, yadda in ka duba daga waje za ka rantse komai na nan cif. Haka suka ɗebi albashinta, suka ɗebi zinaren uwarta. Abu ɗaya da ya rage nata shi ne in ta ce wa yaro ka ci, to ya ci. Shi ma sun sa ta miƙa da hannunta, suka saka mata da sukari cokali biyu.

Ranar Laraba ta sama, da hantsi, makaranta na hutun rabin zango, wani babur da ba a san ƙararsa ba ya tsaya a ƙofar gida. Ruksana na tsugune bakin famfo tana wanke tuluna. Wani dogon mutum mai furfura a saje ya yi sallama ya shigo, akwatin katako a hannu ɗaya, jakar takardu a hammata. Bai yi kama da mai sayen madara ba.

"Daga ofishin awo na gunduma," ya ce.

Abbaji ya miƙe da fara'arsa. "Marhaba, marhaba! Sugra, kawo wa Sahib kindirmo mai sanyi. Shafkat, ɗauko gwangwani. Mu nan ƙofarmu a buɗe take, Sahib, auna duk abin da kake so."

Baƙon ya karɓi gwangwanin, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa gindin da farce, ya ajiye a benci ba tare da ya buɗe akwatinsa ba.

"Wannan lafiyarsa ƙalau. Wanda aka rubuto mana zurfinsa goma sha huɗu ne. Shi nake nema, kuma sai na duba ɗakuna." Ya buɗe jaka. "Amma ba da kai zan yi magana ba, dattijo. Da mai wurin zan yi."

"Ai ni ne..." Abbaji ya fara, sai ya haɗiye sauran.

"Takardar izinin sayen madara da sunan mace take. Asusun da kuɗin ke shiga ma nata ne. Ruksana Kausar. Ma'aikaciyar gwamnati ce kuma, abin da ya ƙara ɗaure mini kai ke nan."

Ruwan famfo na ta zuba a tulu. Shafkat ya sunkuya yana duba tayar babur ɗinsa. Ammi ta tsaya da kofin kindirmo a hannu tana kallon sama. Abbaji ya koma ya zauna a hankali, ya dafa gwiwa kamar wanda tsufa ya faɗo wa yanzun nan.

"Ni tsoho ne, Sahib, ko karatu ban yi ba. Taya ta zama kawai nake. Abin da ta miƙo mini da shi nake awo." Ya ɗaga bakin hukka ya nuna bakin famfo. "Ga ta can. Ita ce mai ilimin lissafi a gidan nan."

Ruksana ta kashe famfo. Ta miƙe, ruwa na ɗiga daga hannunta.

Baƙon ya matso da takarda biyu. Ɗaya mai hatimi ce, da ɗan tabon busasshen ƙullu a gefenta. Ɗayar shafi ne da aka yago daga littafin 'yar makaranta, an ninke shi har ya yi laushi, da jan gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya haɗa su gefe da gefe, ya sa yatsa a ƙasan kowace.

"Na bi lissafin yarinyar nan sau uku, ban ga inda ta kuskure ba. Wannan sa hannun naki ne?"

"Nawa ne."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Ya mayar da takardun jaka.

"To, Malama, da ɗakinki za mu fara. Akwai abin da ke kulle a ciki?"

Hannunta ya tafi wuyanta da kansa, ya taɓa zaren. Shekara shida a gidan nan, makullin da aka bari ta riƙe ke nan guda ɗaya.